ƘWAYAR CIWON JIJIYA DA ƘWAƘWALWAR MAI CIWON BAYA

A cikin watan Yuli na shekarar 2025, wanda ya yi daidai da Almuharram 1447, waɗansu masu bincike na birnin Cleveland a ƙasar Amurka suka fito da wani labari da ya ta da hankalin masu ciwon baya da likitocinsu. Sun bi takardun asibiti, tun daga 2004 har 2024, na mutum fiye da 26,000 waɗanda aka rubuta wa wata ƙwaya, ana ce da ita gabapentin, sabo da ciwon baya mai naci. Suka jera su da waɗansu mutane masu yawa ɗaya da su, masu irin ciwonsu, waɗanda ba a ba su ƙwayar ba. Sai suka iske cewa waɗanda aka maimaita wa rubutun ƙwayar sau 6 ko fiye, gigin tsufa ya fi kama su da kashi 29 cikin 100. Ƙaramin raunin tunani kuwa, irin wanda bai kai ga gigi ba, ya fi kama su da kashi 85 cikin 100, duk cikin shekara 10 daga ranar da aka rubuta ciwonsu a asibiti. Abin da ya fi ɗaure kai, ba ga tsofaffi ratar ta fi faɗi ba. Ga 'yan shekara 35 zuwa 49, waɗanda ba a ko tsammanin gigi a gare su, abin ya ninka fiye da sau biyu.

Kada mai karatu ya ɗauka mutum 29 cikin kowane 100 ne suka gigice. Ma'anar lissafin ita ce, in a ɓangaren da bai sha ƙwayar ba mutum 100 suka kamu, to, a ɓangaren da ya sha, mai yawa ɗaya da shi, sai a tarar da 129. Duk da haka labarin ba na wasa ba ne, domin wannan ƙwaya tana cikin waɗanda aka fi rubutawa a Amurka, ita da ƙanwarta pregabalin kuwa sun daɗe da isowa shagunan kemis na ƙasar Hausa. Ciwon baya kuma shi ne kan gaba cikin cututtukan da ke hana mutane aiki a duniya duka. An ƙiyasta mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a shekarar 2020. Amma ba a iya auna wannan labari sai an fara sanin inda zafi ya ke zaune, da inda ƙwayar ta ke dosa bayan an haɗiye ta. Mai shanta yana zaton baya ta nufa, alhali kuwa laka da ƙwaƙwalwa ne masaukinta.

Bahaushe ya tara abu uku cikin kalma guda. Hanyar jini jijiya ce, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, sa'an nan akwai ta uku, wani farin zare mai laushi wanda ba ya ɗauke da jini, aikinsa kai saƙo. Ita ce a ke nufi a nan. Waɗannan zarurruka sun taso daga kowane lungu na jiki suka taru a laka, wadda ke kwance cikin ramin ƙashin baya, laka kuwa ta miƙe har ƙwaƙwalwa. In ƙaya ta soki mutum a ƙafa, saƙo ne ke tashi kamar wayar tangaraho, ya bi jijiya zuwa laka, daga laka ya hau sama, ƙwaƙwalwa ta karanta shi, sa'an nan mutum ya ji zafi. Amma wayar ba guda ɗaya ba ce miƙaƙƙiya. Gaɓa-gaɓa ta ke, tsakanin gaɓa da gaɓa kuwa akwai 'yar rata wadda ido ba ya gani, kamar kogi tsakanin gari biyu. In saƙo ya iso baki, sai waɗansu ƙananan ƙofofi su buɗe, wani sinadari da a ke kira kalsiyam ya shigo. Shigowarsa ce ke sa a saki masu fito, watau waɗansu sinadarai irin su gulutamet, su haye da saƙon zuwa ƙetare. A riƙe wannan mashigi a rai, gama za a komo kansa.

A da likitoci sun ɗauka girman zafi daidai ya ke da girman rauni. A shekarar 1965 Ronald Melzack, mutumin Kanada, da Patrick Wall, Baturen Ingila, suka ce akwai ƙofa a cikin laka, kamar ƙofar ganuwa da sarkin ƙofarta, ba kowane saƙo a ke bari ya wuce ba. Shafa wurin da ya bugu yana sa ƙofar ta ɗan rufu, shi ya sa uwa ke murza wa yaro goshi in ya faɗi. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da umurni daga sama, a buɗe ko a rufe. A 1983 kuma Clifford Woolf a Landan ya nuna, bisa ga gwaji da ɓeraye, cewa in saƙon zafi ya yi ta bugun ƙofar ba hutawa, laka da kanta sai ta sake hali, ta zama mai saurin firgita, ta riƙa kai rahoton ƙaramin abu a matsayin babba. Sai a ga rauni ya warke, kukan nan kuwa bai yanke ba.

Ciwon baya ba iri ɗaya ba ne, a nan ma mutane da yawa ke ruɗewa. Wanda ya wuce wata 3 shi likitoci ke ce wa mai naci. Kusan 9 cikin 10 na masu ciwon baya, ko an bincika ba a samun wani abu takamaimai da za a nuna da yatsa a ce ga sababi. Hoto ma ba ya raba gardama. A 2015 aka tara hotunan bayan mutum fiye da 3,000 waɗanda ba sa jin ciwon kome, aka tarar faifan guringuntsin nan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya fara lalacewa ga kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, ga 'yan shekara 80 kuwa kashi 96, ba wanda ya koka. Sa'an nan akwai wani iri dabam, inda faifan ya bulluƙo ya danne jijiya. Shi wannan mai shi ba ya ɓata wajen ba da labari: zafi ne kamar an taɓa minjirya, ya taso daga kwankwaso ya bi bayan cinya har yatsun ƙafa, tare da ƙuna da sagewa, ruku'u ya gagara, sujada sai da dabara. Akwai kuma kaɗan waɗanda ba na jinkiri ba ne, irin wanda ya zo da zazzaɓi da rama, kamar tarin fuka in ya shiga ƙashin baya, ko wanda ya zo da mutuwar ƙafa da kasa riƙe fitsari. Waɗannan na asibiti ne tun ranar, ba na kemis ba.

To, tun ba a zo maganar ƙwaya ba, shi kansa ciwon yana taɓa ƙwaƙwalwa. A 2004 Vania Apkarian da abokan aikinsa na Jami'ar Northwestern a Shikago suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 26 masu ciwon baya mai naci, suka gwada da ta lafiyayyu. Ɓawon ƙwaƙwalwa, watau sashen nan mai ruwan toka inda tunani ke gudana, ya gaza na lafiyayyun da kashi 5 zuwa 11 cikin 100, gwargwadon abin da tsufan shekara 10 zuwa 20 kan ci. Raguwar ta fi bayyana wajen goshi, inda mutum ke tattara hankali ya tsara shawara. A 2013 mutanen wannan jami'a suka sake ba da labarin waɗansu da suka bi har shekara guda tun ciwonsu yana sabo. Waɗanda ciwon ya zauna musu, sai aka ga motsin ƙwaƙwalwarsu ya ƙaura daga sassan jin zafi ya koma sassan tsoro da ɓacin rai. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne ko raki. Zafin na nan daram, gida kawai ya sake. Akwai kuma labari mai daɗi daga Jami'ar McGill a Kanada a 2011: masu ciwon baya da aka yi wa aiki ko allura suka sami sauƙi, bayan wata 6 wannan sashe na goshi ya sake kauri, gwargwadon sauƙin da kowa ya samu.

Ita gabapentin ba domin baya aka yi ta ba, ba ma domin zafi ba. Wani masanin haɗa magunguna a Jamus, Gerhard Satzinger, shi da abokansa suka haɗa ta cikin shekarun 1970. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, ana ce da shi GABA, wanda ke kwantar da jijiyoyi in sun yi zumuɗi, sai suka ƙera ƙwayar bisa siffarsa da fatan ta yi aikinsa, daga nan ma ta samo suna. Amurka ta yarda a sayar da ita a ƙarshen 1993 domin masu farfaɗiya. Ashe ko kusa ba ta kama inda GABA ke kamawa. Sai a 1996, bayan an riga an fara shanta, aka gano inda ta ke maƙalewa: wani ɗan maɗauri ne a jikin ƙofofin kalsiyam ɗin nan na bakin mashigi, masana suna kiransa alfa-2-delta. Aikin wannan maɗauri shi ne rako ƙofofin zuwa bakin kogi ya kafa su. In ƙwayar ta kama shi, ƙofofin da ke isa bakin sai su ragu, kalsiyam ya ragu, masu fito su ragu, saƙon da ke hayewa ya yi rauni. Shi ya sa ba ta aiki nan take kamar ƙwayar ciwon kai, sai an yi kwanaki. Pregabalin ma nan ta ke kamawa. An haɗa ta a ɗakin binciken Richard Silverman, a wannan Jami'ar Northwestern ɗin dai, aka fara sayar da ita da sunan Lyrica bayan an yarda da ita a 2004. Hanji ya fi tsotsarta da sauri, shi ya sa ta fi yayarta bugun kai.

Hikimar amfani da su ga ciwon jijiya a fili ta ke. In jijiya ta ji rauni, wannan maɗauri yakan yi yawa a bakin laka fiye da ƙima, ƙofofi su yi yawa, saƙon zafi ya riƙa kwarara ba gaira ba dalili. Ƙwayar sai ta rage cunkoson. Ƙungiyar Cochrane, wadda sana'arta ke nan tace gwaje-gwajen magani, ta duba a 2017 abin da gabapentin ke yi wa masu ƙunar ƙafa ta ciwon sukari, da masu raɗaɗin da kan saura bayan ƙurajen nan masu zafi, dangin ƙarambau, da ke fesowa a jere a gefe guda na jiki. Mutum 3 ko 4 cikin 10 zafinsu ya ragu da rabi. Waɗanda aka ba ƙwayar wofi, wadda ba magani cikinta, 1 ko 2 cikin 10 suka sami haka. Ga wanda ya shekara bai runtsa ba sabo da tafin ƙafa na ci da wuta, wannan fa'ida ce babba, ba mai raina ta sai wanda bai ɗanɗana ba. Amma a lura, ko a inda ta fi aiki, fiye da rabin masu sha ba su sami wannan sauƙi ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙwaya ba ta san hanya ba, jini ne ke ɗaukarta ya kai ko'ina. Wannan maɗauri kuwa ba a laka kaɗai ya ke ba. Yana nan a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, mai daidaita tafiya da tsayuwa. Yana nan a ma'ajiyar tunawa, inda a ke ɗaure abin da aka ji yau domin a kwance gobe. Yana nan a ɓawon goshi. Hannun da ya rage masu fito a mashigin zafi, shi ne ke rage su a mashigin tunani. Cikin wannan lissafi na Cochrane, kusan 1 cikin 5 sun yi jiri, 1 cikin 7 gyangyaɗi ya addabe su, kamar haka kuma suka riƙa tangaɗi in suna tafiya. Masu sha kan ba da labarin wani hazo a kai: kalma tana bakin harshe ta ƙi fitowa, a shiga ɗaki a manta abin da aka zo ɗauka, mai ciniki ya ƙirga canji sau uku, mai salla ya rasa ko raka'a ta uku ya ke ko ta huɗu. Ga yawancin mutane wannan hazo kan washe in an rage ƙwayar ko an bar ta.

Akwai wani bincike da ya sa masana suka ƙara kasa kunne. A 2009 Cagla Eroglu da Ben Barres na Jami'ar Stanford suka gano cewa wannan maɗauri yana da aiki na biyu: ta hanyarsa a ke gina sababbin mashigai tsakanin jijiya da jijiya. Suka nuna cewa gabapentin na hana gina sababbi, ko da ya ke ba ta rushe waɗanda aka riga aka gina. Koyo da hadda kuwa, a wajen masana ƙwaƙwalwa, ginin mashigai ne da ƙarfafa su. Sai dai da ƙananan ɓeraye aka yi wannan gwaji, da jijiyoyin da aka raina cikin faranti, tsakaninsu da ƙwaƙwalwar magidanci ɗan shekara 45 kuwa akwai tafiya. Hanya ce ta nuna yadda illa za ta iya aukuwa, ba shaidar cewa ta auku ba.

To, mene ne mai ciwon baya ke samu a bakin wannan kuɗi da ƙwaƙwalwarsa ke biya? An gwada. A 2017 likitocin Ostireliya suka ba da sakamakon gwajin mutum 209 masu ciwon nan mai gangarawa ƙafa, watau irin da aka fi sa ran ƙwayar za ta yi wa aiki. Aka raba su biyu da ƙuri'a, rabi suka sha pregabalin, har zuwa miligiram 600 a yini, na mako 8, rabi suka sha ƙwayar wofi, ba wanda ya san abin da ya ke sha. A mako na 8 zafin ƙafa bai bambanta ba. Bayan shekara ma haka. Inda aka bambanta shi ne wajen illa: an ƙirga koke 227 daga masu pregabalin, 124 daga masu ƙwayar wofi, jiri ne kan gaba. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar magani, tun 2016 ta ce kada a ba da dangin maganin farfaɗiya domin ciwon baya, a 2020 ta ƙara da cewa har mai gangarawa ƙafa kada a ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin jagorar da ta fitar a Disamba 2023 a kan ciwon baya mai naci wanda ba a san sababinsa ba, ta sa su cikin abubuwan da ba ta yarda a riƙa bayarwa ba.

Mai karatu zai tambaya, to, yaya aka yi ƙwayar farfaɗiya ta zama ta kowa? Sashen amsar ba shi da daɗin ji. A 2004 kamfanin Warner-Lambert, wanda a lokacin ya riga ya koma hannun Pfizer, ya amsa laifi a gaban shari'ar Amurka, ya biya dala miliyan 430, sabo da tallata gabapentin, da sunan Neurontin, domin cututtukan da hukuma ba ta yarda a sayar da ita dominsu ba. Tarar ta wuce, al'adar rubutawa ta zauna. Daga baya kuma, da ƙwayoyin dangin mofin suka yi ta kashe Amurkawa dubbai, likitoci suka shiga neman abin da za su ba mai ciwo wanda ba shi ba, sai hannu ya faɗa kan gabapentin, ana ganin ba ta da haɗari. Ba a ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago ba, gama mofin ya fi ta kisa nesa ba kusa ba, amma an ɗauke ta da sauƙin da ba ta cancanta ba.

Yanzu a komo ga labarin Cleveland, a auna shi da adalci. Ba gwaji ba ne irin na Ostireliya inda ƙuri'a ta raba mutane. Bin takardu ne, bin takardu kuwa yana nuna abu biyu sun yi tafiya tare, ba ya nuna wanda ya jawo wani. Wanda aka rubuta wa ƙwaya sau 6 ko sau 12, galibi shi ne wanda ciwonsa ya fi tsanani, wanda ya fi rashin barci, ya fi zaman wuri ɗaya, ya fi ɓacin rai, kowane ɗaya daga waɗannan kuwa an san yana tafiya da raunin tunani. An ga kuma a sama cewa ciwon kansa yana rage ɓawon goshi. Har wa yau, mai yawan zuwa asibiti shi likita ke saurin lura da mantuwarsa ya rubuta. Mai yiwuwa ne ma waɗansu da aka rubuta wa raunin tunani, hazon ƙwayar ne kawai, wanda da an janye ta da ya washe. Masu binciken da kansu sun faɗa cewa takardun ba su nuna musu yawan abin da kowa ya sha ba, ko tsawon lokacin da ya yi yana sha. A ɗaya gefen kuma, waɗanda aka rubuta wa sau 12 ko fiye sun fi waɗanda aka rubuta wa sau 3 zuwa 11 kamuwa, wani binciken takardu na Taiwan a 2023 kuwa ya ga irin wannan alaƙa. Sabo da haka maganar ta tsaya a matsayin tuhuma mai nauyi, ba ta kai hukunci ba.

Sai dai ba dole ne a jira hukunci kafin a yi hankali ba, domin ma'auni biyu ne. Mai ƙunar ƙafa ta ciwon sukari, wanda ƙwayar ta mayar wa da barci, yana da riba a hannu, bai kamata tuhuma ta ƙwace masa ita ba. Mai ciwon bayan yau da kullum kuwa, wanda gwaji ya nuna ƙwayar ba ta fi ta wofi ba a gare shi, ba shi da kome a tafin riba, ko ƙwayar gero aka ɗora a tafin hasara sai ya rinjaya. Likitan da ya ci gaba da sabunta masa takarda shekara da shekaru, ba tare da ya tambaye shi ko ta yi amfani ba, bai kyauta ba.

Akwai wasu magungunan ciwon jijiya da ke bin wata hanya dabam. Amitriptyline, tsohuwar ƙwaya mai araha wadda asalinta ta masu baƙin ciki ce, da duloxetine, su ƙarfafa umurnin nan su ke yi da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa a rufe ƙofar laka. Amurka ta yarda da duloxetine domin ciwon baya mai naci a 2010, amma da aka tace gwaje-gwajen a 2021 sai aka ga sauƙin da ta ke bayarwa kaɗan ne ƙwarai. Amitriptyline kuwa tana toshe wani mai fito, asitilkolin, wanda tunawa ta dogara gare shi, shi ya sa ta ke busar da baki, ta ɗaure ciki, ta rikita tsofaffi. A 2019 masu bincike na Nottingham a Ingila suka ga cewa 'yan shekara 55 zuwa sama da suka yi kamar shekara 3 suna shan masu ƙarfi daga dangin magungunan da ke toshe shi kullum, gigin tsufa ya fi kama su da kusan rabi. Wannan ma bin takardu ne, hukuncinsa ɗaya da na Cleveland.

Abin da babu shubuha cikinsa shi ne haɗa ƙwayoyin nan da dangin mofin. Numfashi ma daga gindin ƙwaƙwalwa a ke sarrafa shi, in abu biyu masu kwantarwa suka taru masa sai ya yi ta raguwa cikin barci har ya tsaya. A lardin Ontario na Kanada, a 2017, an ga cewa masu shan dangin mofin da aka haɗa musu da gabapentin sun fi mutuwa ta wannan hanya da kashi 49 cikin 100. A Afrilu 2019 Ingila ta sa gabapentin da pregabalin cikin magungunan da doka ta tsare, a Disamba na wannan shekara kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan tsayawar numfashi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon huhu. Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, gama tiramol da kodin dangin mofin ne. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan ba bisa umurnin likita ba. Ɗan dako ko manomi da ya saba jefa tiramol da safe domin baya ya bar shi ya yi aiki, in mai kemis ya ƙara masa da pregabalin, ya haɗa masa abin da likitocin Kanada suka ƙirga gawarwakinsa. Hukumar NDLEA kuwa ta sha ambaton pregabalin cikin kayan da ta kama, domin samari sun gano tana bugarwa. A Suwidin, cikin binciken mutum fiye da 190,000 da aka buga a 2019, an ga haɗarin hanya da raunuka da yunƙurin kashe kai sun ƙaru a lokacin da mutane ke kan waɗannan ƙwayoyi, abin ya fi tsanani ga 'yan shekara 15 zuwa 24. Direba da ɗan acaɓa su ji wannan.

Ƙoda ma tana da magana. Hanta ba ta narka waɗannan ƙwayoyi biyu, yadda suka shiga haka ƙoda ke fitar da su cikin fitsari. In ƙoda ta yi rauni, kamar yadda ta kan yi ga tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini, ƙwayar sai ta taru cikin jini, awon da ya dace da saurayi ya kwantar da dattijo, a ga yana sambatu yana faɗuwa, iyali su ce tsufa ne ya zo.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba domin ciwon baya mai naci ba ya da ƙyalli: a fahimtar da mai ciwo halin ciwonsa, ya riƙa motsa jiki bisa tsari maimakon kwanciya, tausa, koyon yadda zai rage tsoron motsi, da ɗan gajeren amfani da irin su ibuprofen ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Wanda kuwa ya riga ya daɗe a kan gabapentin ko pregabalin, kada wannan labari ya sa ya watsar da ita dare ɗaya. Ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da ƙarancin masu fito ta daidaita kanta a kan haka, in aka janye hannu farat ɗaya sai su kwararo gaba ɗaya: rashin barci, gumi, fargaba, rawar jiki, wani lokaci har da faɗuwa irin ta farfaɗiya. Takardar da ke cikin kwalin ta ce a rage a hankali cikin mako guda aƙalla, wanda ya yi watanni yana sha kuwa likitoci kan ja masa ragin makonni da yawa. In zai koma wurin likita, ya tafi da duk kwalayen da ya ke sha, har da na kemis da ba a rubuta masa ba, ya nemi a auna ƙodarsa, ya kuma tafi da matarsa ko babban ɗansa, gama na kusa su ke fara lura da mantuwa tun mai ita bai sani ba.